Wace Ce Ta Amsa Wayar Da Sunana?

Zuwa ga Manajan Banki,
Reshen da ke riƙe da asusun ƙungiyarmu,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Sallama da gaisuwar girmamawa. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya sa haka, amin.

Sunana Rakiya, amma a nan Birnin Gwari Malama ake ce mini, domin shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa a firamare kafin in ajiye alli. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar mata manoma. Mu arba'in da uku ne, wasu a cikin gari, wasu a ƙauyukan wajen Randagi, Musulmi da Kirista. Asusunmu yana reshenka tun kafin a turo ka. Ban rubuta sunan bankin a nan ba, ban kuma rubuta naka ba, don ba ɓata wa kowa suna nake nema ba. Ka san da kai nake. Takardun ƙorafina suna ofishinka, ko a kan tebur ko a ƙasan durowa. Sau huɗu na zo, sau huɗu aka ce mini kana taro. Shi ya sa na ga gara in faɗi maganata a inda kowa zai ji, wataƙila ta fi saurin isa kunnenka.

Na farko, yadda caki ya bar hannuna.

Mu ba masu hali ba ne. Bayan girbi kowace mace takan sayar da abin da za ta iya, masara ko waken soya ko akuya, ta kawo nata kason. Mu tara a banki, idan bazara ta yi mu sayi takin zamani a dunƙule, ya fi mana sauƙi. Bara mun tara naira miliyan ɗaya da dubu sittin da 'yan kai.

Ka sani, ko kuma ya kamata ka sani, cewa a waɗannan watannin babu sabis ɗin waya a yankinmu. Ba a kira, ba a tura kuɗi ta waya, masu POS duk sun naɗe lemarsu. Ɗaukar tsabar kuɗi a bi hanyar Kaduna kuwa, ba sai na gaya maka abin da ke cikinsa ba. Caki kaɗai ya rage mana, kuma ku kuka ba mu shi.

Ranar wata kasuwa wani mutum ya shigo gari da akori-kura ɗauke da buhunan taki. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Ya ce sunansa Alhaji Isiyaku, wakilin wani babban dila ne a Kaduna. Yana da takardu masu hatimi da lambar shago. Masu shaguna biyu sun saya a hannunsa a gabana, aka farke bakin buhu aka gani, taki ne na gaske. Farashinsa ya ɗan yi ƙasa da na kasuwa, amma ba ƙasan da zai sa mutum ya tsargu ba. Ya tambaye ni buhu nawa muke bukata. Ni da bakina na ce arba'in. Daga baya na gane cewa wanda ya san kuɗin buhu ɗaya, ya kuma ji arba'in, to ya gama sanin abin da ke cikin asusunmu.

Muka yi ciniki a kan zan ba shi kafin alƙalami na naira dubu casa'in, cikin kwana goma ya kawo kaya, mu cika masa sauran.

Cakinmu ba ya tafiya sai da sa hannun mutum biyu, ni da shugabarmu, Saratu. Saratu tana wani ƙauye bayan Randagi, tafiyar awa biyu a babur ta cikin daji, kuma ba kowace rana ake bin hanyar ba. Saboda haka duk lokacin da ta shigo gari takan sa mini hannu a falle biyu ta bari, don kada bukata ta taso a rasa ta. Na san ba daidai ba ne. Na faɗa wa ma'aikatanka da kaina tun ba su tambaye ni ba, yau ma ina sake faɗa a gaban jama'a.

A kan bonet ɗin motarsa na rubuta cakin. Ana iska, sai ya ce bari ya danne mini takardar. Ya ɗora babban yatsansa a farkon layin da ake rubuta adadin kuɗi, ni kuma na fara rubutu daga inda yatsan ya ƙare. Ya yi haka a layin kalmomi, ya yi a akwatin lambobi. Na ɗauka kirki ne. Da na zo wurin suna ya ce in bari, a ofis za su buga hatimin kamfani, don idan harafi ɗaya ya kuskure banki zai dawo da cakin, mu kuma ga nisa. Yana magana yana duba agogo, domin motocin da za su tafi tare da rakiyar jami'an tsaro ƙarfe biyu za su tashi, wanda aka bari a baya shi kaɗai zai ratsa dajin. Har tausayinsa na ji. Na sa hannu, na miƙa masa, na yi masa addu'ar sauka lafiya.

Na biyu, yadda na sani.

Kwana goma suka cika babu mota. Aka yi sha biyar. Ruwan farko ya sauka, mata suka fara aiko mini da tambaya. Babu waya balle in kira shi. Ranar kwana na sha takwas na shiga motar Kaduna da takardarsa mai lambar shago a jakata.

Duk wanda ya saba da hanyar nan ya san yadda mota take yin tsit har sai an wuce wuraren da ake tsoro. Kowa da abin da yake karantawa a zuciyarsa. Sai da muka kusa Buruku wayoyin mutane suka fara ƙara, saƙonnin makonni suna shigowa lokaci ɗaya. Tawa ma ta motsa a cikin jaka. Na ciro, na sa tabarau. Saƙon bankinka ne, mai kwana goma sha shida da aikowa. An cire naira dubu ɗari tara da casa'in.

Na karanta sau uku. Na miƙa wa wata mata da ke kusa da ni na ce ta karanta mini, ko idona ne. Ta karanta, ta dube ni, ta riƙe mini hannu. Ban san ta ba, ban kuma tambayi sunanta ba, amma ba ta saki hannuna ba har muka shiga tasha.

Shagon da ke jikin takardar yana nan, taki ma suke sayarwa. Ba su taɓa jin wani Alhaji Isiyaku ba. Mai shagon ya duba hatimin ya ce ba nasu ba ne, ya ce kuma ni ce ta uku da ta zo masa da irin wannan takarda a cikin wata guda.

Daga nan na nufo reshenka.

Na uku, abin da na gani a jikin cakin.

Wata matashiyar ma'aikaciya da ke teburin sauraron ƙorafi ce ta karɓe ni. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta ba ni kujera, ta sa aka kawo mini ruwa. Bayan awa biyu ta fito mini da hoton cakin, gaba da baya.

Ranka ya daɗe, aikina ke nan tsawon rayuwata, duba rubutun hannu. Yaro ba ya kawo mini aikin gida wanda yayansa ya ƙarasa masa in kasa ganewa. A layin nan ɗaya akwai hannu biyu. Kalmomina suna tsaye kyam, kamar yadda aka koya mana a kwalejin horon malamai. Kalmomi ukun Turanci da aka cusa a gabansu, waɗanda suka ƙara dubu ɗari tara, sun karkata dama, a matse suke, ta ƙarshen har ta hau kan harafina na farko. A akwatin lambobi, tara ta farko ta fi tawa ƙanƙanta, cikinta a buɗe, ni kuwa ban taɓa barin cikin tara a buɗe ba. Wurin sunan da na bari babu hatimin kowane kamfani. Sunan wani mutum ne da ban taɓa ji ba, da hannu na uku. Ko a hoto na ga wannan, ina ga wanda ya riƙe ainihin takardar a ƙarƙashin fitila?

Na nuna wa ma'aikaciyar. Ta ce ai an kira ni kafin a biya, kuma na tabbatar.

Na ce ta maimaita. Ta juya hoton ta nuna mini bayan cakin. Ga sunana an rubuta, ga lambar waya a ƙasansa, ga kuma sa hannun ma'aikacinka da 'yar alamar da ke nuna an kira an tabbatar. Lambar ba tawa ba ce. Ba ta Saratu ba ce. Ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba.

A ranar da muka buɗe asusun nan an ba mu fom mun cike. A ciki aka rubuta cewa duk cakin da ya haura naira dubu ɗari biyu sai an kira mu, mu biyu, a lambobin da muka bayar. Kwafin fom ɗin yana hannuna. Ma'aikacinka bai buɗe fayil ɗinmu ba. Ya juya takardar da ɓarawo ya miƙo masa, ya kira lambar da ɓarawo ya rubuta, wata mace ta ɗauka ta ce ita ce Rakiya, shi ke nan ya buga hatimi.

Saboda haka ga tambayoyina, ba su da yawa.

Wace ce ta amsa wayar nan da sunana? A ranar da littafinku ya ce na amsa, babu wayar mutum ɗaya da ta yi ƙara a duk faɗin Birnin Gwari. Wannan ba sirri ba ne, duk jihar an sani. Shin babu ko mutum ɗaya a reshenka da ya duba adireshinmu ya tambayi kansa yadda aka yi matar da ke Birnin Gwari ta ɗauki waya?

Ina kiran Saratu? Fom ya ce mutum biyu. Ko ta ƙarya ma ba a samo mata ba.

Asusun da aka zuba kuɗin a bankinku yake, a wani reshen. Ma'aikaciyar ta gaya mini, wataƙila ba da izini ba, cewa bai cika wata biyu da buɗewa ba, kuma cikin kwana biyu aka kwashe komai kaɗan-kaɗan ta hannun masu POS. Lokacin da muka zo buɗe namu, sai da muka kawo hotuna da katin shaida da takardar mai unguwa da mutum biyu masu tsaya mana, aka ɗauki zanen yatsunmu, muka yi sawu uku. Shi wannan mutumin bai kawo komai ba ne? Idan ya kawo, ina suke? Me ya hana a miƙa wa 'yan sanda?

Ƙungiyar da ba ta taɓa fitar da fiye da dubu ɗari uku a caki ɗaya ba sai da mu biyu muka tsaya a gaban kanta, rana ɗaya aka zo za a share asusunta, wannan bai isa a dakata ba?

An ce in kawo rahoton 'yan sanda, na kawo. An ce in yi rantsuwa a kotu, na yi. An ce in rubuta ƙorafi da Turanci, na rubuta. Kowace takarda tafiya ce a kan hanyar nan. A zuwana na uku sai da direbanmu ya juya da gudu, muka kwanta a cikin wata gona har la'asar saboda harbin da ake yi a gaba. Shekarata sittin da ɗaya, ga ciwon gwiwa. Washegari na sake shiga mota na zo, aka ce kana taro.

Bayan wata uku amsarku ta iso, layi huɗu. Sa hannun ya yi daidai, an tabbatar ta waya, sakacin mai asusu ne, banki ba shi da alhaki. Ba a ambaci lambar wayar ba ko da kalma ɗaya.

Na yarda da nawa sakacin. Na bar wuri a gaban adadi ban ja layi na toshe ba. Na bar wurin suna. Na karɓi falle mai sa hannu tun ba a rubuta komai a kansa ba. Na bar gaggawar wani ta zama tawa. Huɗu ke nan, na ƙirga su da kaina. Amma saboda mutane irina suna kuskure ne aka sa ku a tsakani. Da ba a kuskure, da ba a bukatar mai duba caki, ba a bukatar kiran waya. Kuskurena ya buɗe ƙofar farko. Ta biyun a hannunku take, kuma kuɗin da kuke yanka mana kowane wata na gadinta ne.

Na huɗu, abin da wannan ya jawo mana, wanda shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan.

Kwana biyu bayan dawowata ta farko na hau babur na tafi wurin Saratu. A gona na same ta tana shuka. Da ta hango ni ta yar da sungumi ta taho tana dariya, ta zaci na zo gaya mata taki ya iso. Na gaya mata a tsaye. Ta zauna a kan kunya. Da ta buɗe baki, ba kuɗin ta fara tambaya ba. Cewa ta yi: "Malama, yaya za mu gaya wa Inna Talatu?"

Inna Talatu tsohuwa ce a ƙauyensu, tana riƙe da jikoki biyar, 'ya'yan ɗanta da aka kashe a hanyar gona. Tunkiyarta guda ta sayar ta shiga rabon bara. Mu biyu muka je muka gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage mu ba. Ta tambaya ko bankin zai ba ta ko da rabin buhu kafin a gama bincike. Na ce zan tambaya. Ga shi na tambaya.

Muka kira taro a harabar wata firamare. Na kawo littafin caki, na nuna guntun da ke saura a jiki, inda na rubuta dubu casa'in da hannuna. Na nuna hoton cakin, na yi bayani kamar ina aji. Amma yawancin matan nan ba sa karanta boko, abin da suka gani shi ne sa hannuna da na Saratu. Wata ta miƙe ta ce ita dai ta ji banki ya ce an kira Malama ta amsa, banki kuwa ba ya ƙarya. Wata ta ce dama an daɗe ana gaya musu 'yan cikin gari ba sa haɗa kuɗi da 'yan ƙauye sai da dalili. Daga can baya na ji wata tana raba mu gida biyu, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, abin da ba a taɓa furtawa a taronmu ba cikin shekara goma sha ɗaya. Saratu ce ta buga ƙafa ta ce duk mai zargin Malama ya fara da ita, tunda hannunta ne a sama, nawa a ƙasa. Aka watse ba tare da an gamsu ba. Mata goma sha huɗu ba su sake zuwa taro ba.

Daminar bara ba mu sa taki ba, sai 'yan ƙalilan da mazansu suka taimaka musu. Abin da ya rage a asusu ya sayi buhu uku, muka raba da kwano. Ba sai na kwatanta maka masarar da ba ta sami taki ba. Ta yi rawaya tun tana iya gwiwa. Gonar da ta saba ba ni buhu goma sha biyu, biyar na ɗauka. Wasu ko kaka ba ta kai su ga azumi ba.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya.

Magana ta fita daga taro ta shiga kasuwa, daga kasuwa ta shiga tasha. Kafin ta zagayo ta dawo kunnena ta sauya kama. Ba a cewa an damfari Malama. Cewa ake yi Malama ta ci kuɗin mata, miliyan guda, tana ajiye da su a ɗaki. A Kaduna irin wannan magana tsegumi ce, a yi kwana biyu a manta. A nan ba haka ba ne. A nan akwai mutanen da sana'arsu ita ce su ji wane ya sayar da shanu, wance ta karɓi kuɗin sallama, su kai labari daji. An ɗauke mutane a kan abin da bai kai rabin wannan ba.

Wata ranar Laraba da hantsi, mai sayar da itace da ke bakin layinmu ta shigo gidana ko sallama ba ta yi ba. Ta ce wasu mutum biyu a kan babur, waɗanda ba ta taɓa gani ba, sun tsaya sun tambaye ta wanne ne gidan malamar nan mai riƙe kuɗin mata. Ta ce musu ita baƙuwa ce, ba ta sani ba. Suka wuce a hankali suna duban ƙofofi. Allah ya saka mata da alheri.

A ranar na kwashe jikokina biyu da ke hannuna na kai su gidan ƙanena. Na sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Tun daga lokacin ba na kwana uku a jere a wuri ɗaya. Na daina zuwa gonata, sai dai in ba da kuɗin ƙwadago in jira labari. Gidan da na gina da kuɗin sallamata, yanzu da rana nake shiga in ɗauki kaya in fito kamar mai sata. Idan babur ya rage gudu a bayana sai in faɗa gidan da ya fi kusa.

Ranka ya daɗe, layi huɗun da kuka rubuta don ku kare kanku, a nan an karanta su a matsayin shaida. Tunda banki ya ce ta amsa waya ta tabbatar, to ta san inda kuɗin suke. Ban ce kun yi nufin haka ba. Na ce haka ya faru.

Na biyar, abin da nake roƙo.

Ɗaya. A ba ni takarda mai hatimin bankinku da sa hannunka, wadda ta faɗi gaskiyar da ke cikin fayil ɗinku: cewa kuɗin sun shiga asusun wani mutum ne da ba ɗan ƙungiyarmu ba, cewa lambar da aka kira ba tawa ba ce ba kuma ta Saratu ba, kuma ko kwabo bai shigo hannuna ba. A rubuta ta da Hausa, yadda za a iya karanta ta a masallacin Juma'a da coci da bakin kasuwa. Wannan ba ya bukatar kwamiti, ba ya bukatar izinin babban ofis a kan kuɗi. Takarda ɗaya ce da tawada. Ita nake fara roƙo, tun kafin kuɗin, domin ita za ta mayar da ni ɗakina.

Biyu. A miƙa wa 'yan sanda takardun wanda ya buɗe wancan asusun, da lambar da aka kira, da ainihin cakin ba hotonsa ba, a sa masana rubutu su duba.

Uku. A mayar wa ƙungiyarmu naira dubu ɗari tara. Dubu casa'in ɗin da na rubuta da hannuna ni na ba da su, ni zan biya mata su daga fanshona, na ma fara. Sauran kuwa ba ni na rubuta ba, ba ni na tabbatar ba.

Huɗu. Ma'aikacin da ya yi kiran, ba korarsa nake nema ba. Ban san ko ganganci ne ko gajiya ko haɗin baki ba, bincike ne zai nuna. Amma a kafa doka a reshenka cewa ba a kiran lambar da ke bayan caki, sai wadda ke cikin fayil. Idan ba a sami mai asusu ba, a ajiye cakin. Mai gaskiya zai jira. Kuma ranar da za ku miƙa wa mutum littafin caki, ku ɗauki minti biyar ku gaya masa da harshen da yake ji: ya fara rubutu daga bakin layi, ya ja layi ya toshe abin da ya rage, kada ya bar wurin suna, kada ya sa hannu a farar takarda. Ni da na yi shekaru ina koyarwa ba wanda ya taɓa koya mini wannan. Na koye shi da tsada.

Idan mako uku suka wuce ban ji daga gare ka ba, zan kai ƙorafina ga hukumomin da ke sa ido a kan bankuna, kuma a can zan ambaci sunaye. Ba barazana nake yi ba, sanarwa ce, don kada a ce ban faɗa ba.

Kafin in rufe, ka yi mini uzuri in yi magana da wasu masu karatu da ba kai ba. Ga duk wanda wannan wasiƙa ta isa gare shi, ko ya karanta ko aka karanta masa, a gari yake ko a daji: babu kuɗi a gidana. Ba su taɓa shiga gidana ba. Bana ƙungiyarmu ba ta tara ko sisi ba, babu abin da ke hannuna, babu abin da ke hannun Saratu. Abin da ke ɗakina katifa ce, da akwatin tsofaffin littattafan makaranta, da buhun masara biyu da rabi. Wanda ya kai muku labarin miliyan ya yaudare ku. Ku bar ni in koma gida.

Ina roƙon Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya tsare ka daga sa hannu a kan abin da zai cutar da wanda ba ka gani. Ya kare ka da iyalinka a duk hanyar da za ku bi, kada ya nuna maka ranar da za ka ji tsoron ƙofar gidanka. Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.

Wassalam.

Taka mai jiran amsa,
Malama Rakiya,
Ma'ajin ƙungiyar mata manoma,
Birnin Gwari.